Kumurci a gidan bakin kududdufi: damina uku a wani ƙauyen Daura

Gidan da inda yake

Gidan yana ƙarshen wani ƙauye a arewacin Daura, inda mutum zai ci kasuwar Mai'aduwa ya dawo kafin la'asar. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, ko na mai gidan, haka muka yi da su. Matar babban ɗansa ƙanwar mahaifiyata ce, ta nan na san zancen tun daga tushe, wani na gani da idona, wani aka ba ni labari.

Gidan gandu ne irin na da. Tsohon ya haura shekara 70, 'ya'yansa maza uku kowa da sashensa, mutanen gidan 31 har da na goye. Katangar ƙasa ce. A bayan ɗakuna akwai rumbu huɗu, da akurkin kaji a dandaryar ƙasa, da ɗakin tattabarun autan gidan. Jikin katangar gabas an jibge bulo wajen 300 da ɗan tsakiya ya buga zai yi gini kuɗi suka yanke masa. Sun shekara biyu a nan, an ɗora musu karan dawa a kai. Taku 60 daga ƙofar zaure akwai kududdufin da aka haƙa tun lokacin da ake ɗiban ƙasar ginin unguwar. Yakan cika a Yuli, ba ya ƙafewa sai wajen Nuwamba.

Haka gidan yake tun da daɗewa, kuma in ba a gona ba, ba a cika ganin maciji ba. Sabon abu ɗaya ne: a ranin da ya gabaci damina ta farko an kafa fitilar sola a kan dogon ƙarfe daf da ƙofar zauren. Kowa ya yi murna da ita. Yara na karatun dare a ƙarƙashinta, mai shayi ma ya dawo da teburinsa wurin.

Damina ta farko, Yuni zuwa Agusta

Da 'yan tsaki aka fara. A ƙarshen Yuni kaza ta ƙyanƙyashe tara, kafin mako ya zagayo saura huɗu, ba gashi ba jini. Wasu suka ce shaho ne, wasu suka ce muzuru. Sai ƙwai ya shiga ɓacewa a ƙarƙashin mai kwanci. A tsakiyar Yuli wata matar gidan ta fito alwalar asuba ta ga baƙin abu yana sulalewa ta rariya, tsawonsa a faɗarta ya kai taɓarya. Ba ta kama sunansa ba tunda gari bai waye ba, igiyar ƙasa ta ce.

A mako na biyu na Agusta, wata yarinya 'yar shekara 9 tana kwance a tabarma a ƙasa tare da ƙannenta biyu, ƙofa a sakaye da asabari. Wajen ƙarfe biyun dare ta farka da ihu. Da aka haska tocila sai ga shi a kusurwar ɗaki ya fasa kai. Yayanta ya ɗauko sanda ya matsa, macijin ya feshe shi a ido, ya fice ta ƙarƙashin asabarin.

Saurayin ya yi sa'a. Kakarsu ta danne kansa ta dinga kwarara masa ruwan randa a ido, moɗa ta fi goma, yana ihu tana zubawa. Kwana biyu idon yana ja yana hawaye, daga nan ya washe. Yarinyar kuwa a bayan hannun dama ya sare ta. Aka ɗaure damtsen tamau da igiyar guga, aka taso mai magani daga ƙauyen gaba. Ya tsattsaga wurin da reza, ya manna baƙin dutse, ya ba ta jiƙo ta yi ta amai, ya ce dafin ne ke fita. Igiyar ta kwana ta wuni a hannun.

A kwana na uku hannun ya kumbura har kafaɗa, bayansa ya yi baƙi ya ɗuri ruwa, ya fara wari. Sai a lokacin aka nufi asibiti. Na farkon ba su da allurar kashe dafi, suka tura su gaba. A na biyu aka yi mata allurar, aka yanke ruɓaɓɓen naman, ta yi kwana 19 a kwance. Ta tsira da hannunta, amma yatsu biyu sun sandare ba sa lanƙwasuwa. Gidan ya sayar da tunkiya biyu da buhun wake.

Abin da aka gwada, Agusta zuwa Oktoba

Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, to a nan gida guda ne ya tsorata. Duk wanda ya kawo shawara sai a yi.

Aka fara da gardi. Ya zo da ƙwaryarsa da yaronsa mai ganga, ya zagaya gidan yana surkulle, ya tura hannu bayan rumbu ya zaro maciji, ya sake zaro wani a bayan banɗaki. Mata suka yi ta salati. Ya barbaɗa gari a kusurwa huɗu, ya rataya laya a saman ƙofar zaure, ya karɓi ɗan akuya da kuɗin mota. Autan gidan ya ce shi fa ya leƙa bakin ɗaya macijin bai ga haƙori ba, aka ce ya yi wa mutane shiru. Bayan kwana 8 aka ga baƙin macijin a bakin akurki.

Sai aka koma kan wari da hayaƙi. Aka bi gindin katanga da kananzir da baƙin mai, aka daka tafarnuwa aka watsa, aka ƙona tsohuwar taya da barkono a bakin ramukan ɓera har gidan ya kwana yana tari. Ruwa ɗaya ya wanke komai.

Samarin unguwar suka ɗauki sanda. Duk abin da ke jan ciki suka gama da shi. Cikin mako shida sun kashe maciji 11, da damo biyu, da kulɓa ba adadi. Autan gidan yana da waya, kowanne aka kashe sai ya ɗauki hotonsa don ya yi wa abokai burga. Aka sa shinkafar ɓera a gindin rumbuna, ta kashe ɓeraye, ta haɗa da kyanwoyin gidan biyu da kaji biyar.

Na ƙarshe shi ne kududdufin. Wani maƙwabci ya ga maciji a bakin ruwa da kwaɗo a bakinsa, ya ce ga tushen abin. Aka sayo maganin feshin gona kwalba biyu aka juye a ciki. Da safe kwaɗi da 'ya'yansu sun taso sama fari fat, wari ya cika unguwa. Mai unguwa ya hana shayar da dabbobi a wurin har mako uku, masu wanki suka koma layin famfo. Ruwa mai ƙarfi na gaba da aka yi, kukan kwaɗi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Rani, Nuwamba zuwa Mayu

Shiru. Ba a ga maciji a gidan ba ko sau ɗaya. Tsohon ya ce layar ce, samari suka ce sandarsu ce, mai shawarar feshi ya ce ai ya faɗa. Da aka buɗe rumbu na uku a watan Maris aka tarar ɓera ya yi ɓarna, ƙasan duk ƙaiƙayi ne da kashinsa.

Damina ta biyu: zuwan mai kwaɗi

A makon farko na Yuli 'yan tsaki suka sake fara ɓacewa. Innata ta kira ni tana kuka, ta ce in ba a yi wani abu ba za ta kwashe yaranta ta tafi gidansu. Ni kuma na tuna da wani abokina.

Tare muka yi firamare a cikin garin Daura, gidansu ba nisa da rijiyar Kusugu. Ranar da aka ba mu labarin Bayajidda a aji, yadda macijin nan Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya je da dare ya sare kansa, kowa hankalinsa na kan takobi da sarauniya Daurama. Shi sai ya ɗaga hannu ya ce, wane irin maciji ne yake zama a rijiya, kuma me yake ci a ciki? Aka yi masa dariya. Shi ne mai kama jan gwada ya sa a kwali don ya ga yadda jan kansa ke dushewa da dare ya dawo in ya sha rana. Daga baya ya karanta ilimin dabbobi a jami'a, ya zaɓi fannin masu jan ciki da kwaɗi. Aikinsa na yanzu shi ne bin kududdufai da damina yana rubuta wane kwaɗo ne ke kuka a wane dare. Da kunne yake rarrabe su. Shi ya fara gaya mini cewa akwai manyan kwaɗin da ke binne kansu a ƙasa duk tsawon rani, lulluɓe da saɓar jikinsu don kada su bushe, sai ruwan farko ya tashe su. Maciji kuwa ya ce dole ce ta sa ya san shi, domin duk inda ya je neman kwaɗo da dare ya tarar wani ya riga shi.

Muka isa da yamma, muka gaida tsohon a zaure.

"Baba, ni ba gardi ba ne, ba ni da maganin maciji. Kwana uku nake roƙo a bar ni in duba gidan nan."

"To Malam, in ba ka da magani, me za ka duba?"

"Abin da yake ci, Baba, da inda yake kwana."

Tsohon ya dube ni, ya dube shi, ya ce Allah ya taimaka. Kafin gari ya waye yaran unguwar sun raɗa masa suna Malam mai kwaɗi.

An yi ruwa da la'asar a ranar, don haka bayan isha'i shinge ya taso ya rufe fitilar. Mai shayi ya tattara ya tafi wajen goma. Muka zauna a kan benci taku goma daga ƙarfen, ya miƙo mini tabarau fari ya ce in sa. A cikin da'irar hasken kaɗai ya ƙirga kwaɗi 43, irin masu kaushin bayan nan da ake gani a tsakar gida. Ban taɓa zama na kalli kwaɗo yana cin abinci ba sai ranar. Yakan tsaya cak, shinge ya faɗo gabansa yana jan fiffike, kafin ka ƙifta ya ɓace, sai ka ga idanun kwaɗon sun nutse cikin kansa sun dawo. Abokina ya ce da idon yake taimaka wa haɗiya. Waɗanda suka ƙoshi suna bin gindin katanga ɗaya bayan ɗaya, suna shigewa gidan ta rariya. Da muka bi su da tocila muka tarar da su a ƙarƙashin randuna, inda ƙasa ke da damshi.

Ƙarfe 11 da 'yan mintoci ya taɓa gwiwata. Daga wajen tulin bulo wani baƙin abu yana tahowa a jikin katanga, ba gaggawa, harshe na fita yana komawa. Ya tsaya a iyakar haske, ya cafke kwaɗo ɗaya, ya ja da baya cikin duhu. Ni dai ban san lokacin da na ɗora ƙafafuna a kan bencin ba.

Washegari ya nemi hotunan autan. Ya daɗe a kansu yana buɗa kowanne da yatsa. A cikin 11 ɗin nan, bakwai irin macijin gida ne mai ruwan ƙasa da sheƙi, wanda ba shi da dafi, ɓera yake shaƙewa ya haɗiye, har cikin rami yake bin jariransa. Biyu gajeru ne masu zane kamar kan kibiya a ƙeya, abincinsu kwaɗo, saransu na sa zafi da kumburi amma ba kasafai yake kisa ba. Ɗaya ɗan kumurci ne. Na ƙarshen kowa a gidan ya rantse kububuwa ce, don har ƙarar gogar jiki ta yi kafin a kashe ta. Ya ce wannan mai shan ƙwai ne, kusan ba shi da haƙori, kamannin kububuwa da ƙararta ya ara don a ji tsoronsa. Ya tambayi autan ko yana tsintar ɓawon ƙwai a ɗakin tattabaru. Yaron ya ruga ya kawo guda, a murƙushe a naɗe kamar an dunƙule takarda. Ya bayyana masa cewa macijin na haɗiye ƙwan ɗungurungum, wasu tsinin ƙashin bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon.

A tulin bulo bai ɗaga ko ɗaya ba. Ya zagaya da sandarsa mai ƙugiya ya zaro saɓa uku, ɗaya ta kai mita ɗaya da rabi. Ramukan bulon cike suke da sheƙar ɓera.

A dare na uku ya zauna da mazan gidan. Ya ce wannan da wasu ke kira kumurci wasu gamsheƙa, suna na canzawa daga gari zuwa gari, shi ne mai feshin dafi, yana iya samun idon mutum daga nisan mita biyu. Yana cin kwaɗo da ɓera da 'yan tsaki da ƙwai, da dare yake farauta, kuma ba ya shakkar shiga ɗaki. Ya ce tun a shekarun 1970 masu bincike suka yi aiki a kansa a yankin Malumfashi, aka buga sakamakon a 1980, kuma abin da suka gani shi ne da yawa daga waɗanda yake sara a cikin gida ne, da dare, suna barci. Dafinsa nama yake ruɓarwa, shi ya sa hannun yarinyar ya yi yadda ya yi. Sannan ya lissafa musu da yatsu: fitila ta tara ƙwari, ƙwari sun tara kwaɗi a ƙofar gida, rumbu ya tara ɓera, akurki yana ƙasa, bulo ya ba da ɗaki.

Gyaran da aka yi, ƙarshen Yuli zuwa Agusta

Bulon aka fara kwashewa, da hantsi, da dogayen sanduna, kowa da takalmin ruwa da tabarau na aro. A layi na biyu daga ƙasa aka tarar da kumurci biyu. Ya ɗaga ɗaya da ƙugiya ya sa a durom ya rufe. Kafin ya juyo samari sun gama da ɗayan. Bai ce musu uffan ba. A hanya ya ce mini a ƙasar da tarihinta ya fara da sare kan maciji ba zai yi wa kowa wa'azi ba. Wani dattijo ya tare mu ya ce, "Malam, wannan na durom ɗin gonar wa za ka kai wa?" Tambaya ce mai kyau. Sai da muka yi tafiya mai nisa a babur zuwa wani fako da ba a nomawa kafin ya sake shi.

Aka mayar da bulon fili, nesa da katanga, aka jera shi layi ɗaya ramukan na kallon sama. Karan ya koma bayan gari. Aka share ciyawa da tarkace faɗin taku uku a kewayen katanga ciki da waje. Aka ɗaga akurki a kan ƙafafu, aka kewaye shi da raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu, aka sa irin ragar a bakin rariya. Randuna suka hau kan dakali, aka zuba tsakuwa a ƙasansu. Ɗakunan yara aka sa musu ƙyaure, aka buga yankin tsohuwar taya a ƙasansa don toshe kafar.

Gidan sauro kuwa suna da shi tun rabon da aka yi, wasu a ƙasan akwati, ɗaya an kewaye dashen mangwaro da shi. Ya ce a ɗaura wa duk mai kwana a ƙasa, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Wani bincike da aka buga a 2007 daga ƙasar Nepal ya nuna masu kwana cikin gidan sauro sun fi tsira daga saran maciji na cikin barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da wannan shawarar.

Fitilar ce ta ja rigima. Ta unguwa ce, mai shayi ya ce za a kashe masa kasuwa, iyayen yara suka ce ina za a yi karatu. Mako biyu ana ja, sai mai unguwa ya yanke a mayar da ita filin masallaci, taku 90 daga gidan, inda ƙasa take a share ba maɓoya.

Ba duk shawararsa ce ta karɓu ba. Ya so a daina kashe macijin gida mai cin ɓera. Innata ta ce, "Ɗana, cikin dare da tocila a hannu da yaro a baya, wa zai tsaya duba ƙeyar maciji?" Ya yi dariya ya ce ta fi shi gaskiya, har ya ƙara da cewa akwai wani ɗan baƙin maciji mai shiga ƙasa da ke kama da marasa dafi, wanda ko an riƙe shi ta wuya yana iya soka haƙori ta gefe, don haka kada kowa ya taɓa kowanne da hannu. Ya kuma ce a naɗa kwano a ƙafafun rumbu don hana ɓera hawa, amma rumbunan na ƙasa ne a kan duwatsu, ba inda kwanon zai zauna. Aka samo 'yan kyanwa biyu da tarko shida.

Abu na ƙarshe takarda ce da aka manna a zaure. Kada a ɗaure tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi. A ɗaure gaɓar a jikin itace sako-sako kamar karaya, kada wanda aka sara ya yi tafiya da ƙafarsa. In feshi ne a ido, ruwa mai yawa. A ƙasa aka rubuta lambar 'yan acaɓa biyu da sunan asibitin da muka je da kanmu muka tabbatar suna ajiye allurar. Mazan gidan suka buɗe asusu, kowa na sa abin da ya samu ranar kasuwa.

Oktoba, a gona

Ɗan tsakiya, mai bulon, yana ɗaga harawa da la'asar. Takalmin ruwan yana gida, ya ce zafi yake sa masa. Ya ji ƙara kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya, kafin ya ja ƙafa an sare shi a idon sawu. Abin bai kai kamu ɗaya ba. Wannan karon kububuwar gaske ce.

Da labari ya iso gida tsohon ya ce a taso mai magani. Babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan karon asibiti za mu." Aka ɗora shi a babur a tsakiyar mutum biyu. Sa'a ɗaya da minti 40 suka isa. A lokacin ƙafar ta ɗan kumbura ne kawai, yana ta cewa shi fa lafiyarsa ƙalau. Ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininsa kaɗan ta zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ta ajiye ta duba agogo. Bayan minti 20 ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ta ɗaga leɓensa, dasashi na tsattsafar jini.

Haka dafin kububuwa yake aiki, yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, mutum na zaune yana hira jini na zuba a cikinsa. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. In ba a yi allura ba, 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda dafinta ya kama suna mutuwa. Allurar da aka yi masa irin EchiTAb ce, wadda aka haɗa da dafin macizan Nijeriya. Iri biyu ce: EchiTAbG da aka yi a Birtaniya daga jinin tumaki, ta kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika daga jinin dawaki, wadda ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo ta jihar Gombe, aka buga sakamakon a 2010, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi aikin. Wannan na da muhimmanci ga mai saye, domin allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ta yin aikin kirki a kan kububuwarmu.

Bayan sa'a shida aka sake gwajin kwalbar, jinin ya daskare. Kwana huɗu aka sallame shi. Asusun bai isa ba, sai da aka ƙara da kuɗin ɗan rago.

Damina ta uku, da abin da na fahimta

Daga Yuni zuwa Oktoba ba a sari kowa a gidan ba. Sau biyu aka ga kumurci a wajen katanga, aka kashe ɗaya a kusa da filin masallaci. A Agusta shara ta toshe ragar rariya ruwa ya cika tsakar gida, wani ya cire ta bai mayar ba, bayan kwana huɗu aka sami gajeren nan mai cin kwaɗo a gindin randa. Aka mayar da ragar. 'Yan tsaki sun girma.

An yi gyare-gyaren cikin mako biyar a jere, amma a ganina bulon da fitilar su ne suka ɗauki kaso mafi girma, ɗaya ya raba macijin da makwanci, ɗaya ya ɗauke masa abinci daga bakin ƙofa. Shirun da aka samu a rani na farko ba aikin laya ba ne ko sanda. Kwaɗi sun shige ƙasa, sanyi ya rage wa macijin yawo. Sandar ma ɓarna ta yi: bakwai cikin 11 masu cin ɓera ne, shinkafar ɓera ta ɗauke kyanwoyi, don haka damina ta biyu ta tarar da gidan da ɓera fiye da ta farko. Mai shawarar feshi ya hango rabin gaskiya, kwaɗo na cikin lissafin, amma kududdufin ya shekara da shekaru a nan ba a sari kowa a ɗaki ba. Abin da ya canza shi ne inda kwaɗin ke taruwa da dare. Kananzir da hayaƙi ba su taɓa abinci ko maɓoya ba, shi ya sa ba su yi komai ba. Gardin kuwa na bar shi da abin da autan ya gani.

Game da yarinyar, ba zan ce da an kai ta da wuri hannun zai fita ba tabo ba, domin dafin kumurci na fara ruɓar da nama da sauri kuma allurar ba ta dawo da wanda ya mutu. Amma igiyar da ta kwana a damtse da rezar da ta buɗe wurin sun ƙara wa wutar itace, kwana ukun nan kuma su suka kusa tafiya da hannun gaba ɗaya. Kakar da ta kwarara wa jikanta ruwa a ido ta yi daidai abin da likita zai ce a yi.

Inda aka gaza shi ne gona. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da shi duk shekara a duniya, akasari manoma da makiyaya. Takalmin ruwa uku ne a gidan, maza masu zuwa gona tara, kuma a zafin Oktoba ko ukun ba a cika sa su ba. Gidan sauron ma in zafi ya yi yawa sai an yi faɗa da yara.

Yarinyar tana aji shida yanzu, ta koyi riƙe biro da yatsu uku. Abokina ya koma kududdufin sau biyar a daminar nan da na'urar naɗar murya, autan gidan ke riƙe masa tocila, kuma ya fara rarrabe kukan kwaɗi iri huɗu da kunnensa. Layar gardin tana nan a saman ƙofar zaure, tsohon ya ce a bar masa ita, takardar kuma tana manne a bangon da ke ƙasanta.